Riga Mai Koren Faci

Yerimaram, Potiskum
Farkon watan Rajab

Zuwa ga ƙanwata Ramlat,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwata ce ke ɗan taɓa ni da sassafe, amma tana saki in rana ta ɗaga.

Na ji saƙonki. Kin san ni, doguwar magana ta fi min sauƙi a takarda, don wayata ba ta da sirri, in na ɗaga duk tsakar gida ake ji. Kin ce a wurin aikinku na wasan talabijin ke ce mai kula da suturar 'yan wasa, kuma kina neman tsofaffin kayan maza waɗanda suka sha jiki da gaske, wai sabon yadi ko an tumurmusa shi a ƙasa ba ya yarda ya tsufa. Na ɗan juya abin a raina, don ni ba mai kallo ba ce. Daga baya na ga tsumma ne kika roƙa, kuma kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito. Ba zan hana ki tsumma ba.

Ga ƙulli nan na ba direban da ke zuwa Kano. Kayan marigayi Baba ne da suka rage a ɗakin ajiya bayan an yi sadaka da masu kyau. A ciki akwai wata shuɗiyar jamfa mai duhu, da koren faci a kafaɗar hagu, an ɗinke shi da jan zare. Ban san Baba da ita ba, amma a buhun kayansa na same ta.

Kin tambayi ƙanena Basiru. Na san labarin a gutsure ya iso muku, lokacin ni ma ina gidan aure a Nguru. Kin san shi da tuƙin tirela, yana kai shanu kudu. Shekarun baya, a tsakiyar tashin hankalin nan, suka tafi gabas ɗauko shanu shi da wani fatake mai suna Babakura, mutumin Fika, sai mutanen daji suka tare su a hanya. Bayan watanni Basiru ya dawo shi kaɗai, da ƙafa, ba ka gane shi sai ta murya, muryar ma ba ya ba da ita. Har yau bai faɗa wa kowa abin da ya gani ba. Dangin Babakura sun zo tambaya, ya zauna a gabansu, bakinsa ya ƙi buɗewa, suka tashi suka tafi. Yanzu iyakarsa masallacin ƙofar gida. Yana kiwon tumaki a bayan ɗaki, yana cin abin da matarsa Sauda ta ajiye masa. Ki sa shi a addu'a.

Ki gaishe min da kowa. In kayan ba su yi ba, kada ki zubar, ki ba mabuƙaci.

Yayarki,
Hanatu


Kano
Tsakiyar Rajab

Yaya Malama,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da ban girma. Duk muna lafiya, sai ƙaramin da ya sha mura ya warware. Ki riƙa shafa man zafi a gwiwar nan, ki kuma rage zaman tabarma, ko da yake na san da bango nake magana.

Ƙulli ya iso, kuma wallahi kin fitar da ni kunya. Da na kwance shi a ofis, darakta ya tsallake komai ya ɗauki shuɗiyar nan. Ya ɗaga ta a hasken taga ya daɗe yana kallo, ya ce wannan rigar ta yi tafiya. Na ce daga Potiskum dai ta zo a bayan mota. Ya ce ba wannan tafiyar yake nufi ba. Ita jarumin wasan zai sa daga farko har ƙarshe.

Tunda ba kya kallo bari in ba ki a baki, ba laifi a saurare ko? Labarin lokacin yaƙi ne, a wata ƙasa da muka ƙirƙira. Wani mutum mai suna Tanko, maɗinki, an kama shi an kai sansanin fursunoni. Ya samu ya tsere, ya ratsa daji, ya iso garinsu, sai ya tarar an riga an yi masa sadakar mutuwa, wasu kuma na cewa ai da ransa, ya koma cikin abokan gaba. Sai tsoro ya hana shi shiga gidan ubansa. Ya zauna a bakin kasuwa yana dako, fuska a rufe, yana ganin uwarsa na wucewa. To yadda zai samu ƙarfin zuciya shi ne wasan.

Ɗan wasan da ke fitowa a Tanko ɗan gayu ne, turarensa kaɗai ya isa sadaka. Amma da ya sa rigar nan ya tsaya gaban madubi, sai kafaɗunsa suka sauka. Ban taɓa ganin tufa ta yi wa mutum haka ba.

Labarin Yaya Basiru ya taɓa ni. Allah ya kwance masa. Jibi za mu tafi ɗaukar hoto wani ƙauye bayan Rano, an ce ko sabis babu, sai an hau dutse. In kin ji ni shiru, ina kan dutse.

Ƙanwarki,
Ramlat


Yerimaram
Ƙarshen Rajab

Ramlat,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun isa ƙauyen lafiya. Na kira wayarki ba ta shiga, shi ya sa na sake rubutowa, zan roƙi direban ya ajiye a gidanki.

Na yi kuskure, kuma ina neman ki taimake ni in gyara. Shuɗiyar rigar nan ba ta Baba ba ce. Na ba ki abin da ba ni da ikon bayarwa, ban tambayi kowa ba, don na ɗauka duk abin da ke buhun nan gadonmu ne.

Ranar Alhamis ina tsakar gida da matan da nake koya wa karatu, muna biya Tabaraka, sai na ji ana ta jan kaya a ɗakin ajiya. Can sai ga Basiru ya fito ya tsaya a kanmu, shi da ko inuwar ɗalibaina ya gani yake komawa ɗaki. Ya ce, "Yaya, ina rigar?" Na ce wace riga. Ya nuna kafaɗarsa ta hagu. Na faɗa masa gaskiya, na ce tana Kano wurin 'yar'uwarmu. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ba tamu ba ce," ya juya.

Daga baya Sauda ta ce min a cikin rigar ya dawo gida ranar da ya dawo. Ita ta wanke ta, shi ya karɓa ya ɓoye a cikin kayan Baba, kuma lokaci zuwa lokaci yakan fito da ita ya shanya ya mayar. Ita ba ta taɓa tambayarsa ba, ni kuma ban sani ba. Tun ranar Alhamis ɗin abinci sai an yi da gaske yake taɓawa.

Ban san ta wane ne ba. Ina da zato, amma ba na rubuta zato. Don Allah ki dawo min da ita da duk wanda kika samu mai zuwa. Ki ba daraktan naku haƙuri, ki ce laifin wata tsohuwa ce a Potiskum.

Hanatu


Kano
Bayan ƙaramar Sallah

Yaya Malama,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ki yafe min shirun. Mun daɗe a ƙauyen fiye da yadda aka tsara, muka dawo muka faɗa azumi da aikin tace hoto, takardarki kuma ta kwanta a ƙarƙashin littattafan yara sai shekaranjiya na gan ta. Na karanta a tsaye ina shirin fita.

Yaya, na san ki. Tun da na ga kin aiko kayan nan ba gardama na ce a raina, bari dai ta kwana biyu, sai zuciyarta ta fara yi mata wa'azi. Ki kwantar da hankalinki, babu rawa a wasan nan, babu waƙar banza, rigar ko kusa da mace ba ta je ba. In kuma Yaya Basiru ne ke kewar tsohuwar rigarsa, ga shadda nan na aiko, ruwan toka, a ɗinka masa sabuwa. Ai gara ma ya rabu da abin da ke tuna masa da wancan lokacin.

Dawo da ita yanzu ba zai yiwu ba. A aikinmu in mutum ya shiga daji da riga, da ita zai fito, in ba haka ba masu kallo su cinye mu. Zango na farko mun gama, har an fara nunawa, ana maimaitawa ranar Lahadi bayan la'asar. Amma na biyu daga inda aka tsaya zai tashi, kuma rigar na jikinsa. In mun gama zan kawo miki da hannuna, a wanke a goge.

Kin ga yadda gari ya ɗauka kuwa? A keke, a asibiti, a gidan biki, Tanko ake ta yi. Wata mata ta tsayar da ɗan wasan a kasuwa ta ce ya ji tsoron Allah ya je ya gai da uwarsa.

Sai abu na ƙarshe, kada ki yi fushi. A ƙarshen kowane kashi, inda sunaye ke wucewa, na sa an rubuta godiya ga Malama Hanatu, Yerimaram, Potiskum. Kin shiga talabijin ba tare da kin cire hijabi ba.

Ramlat


Yerimaram
Watan Shawwal

Ramlat,

Assalamu alaikum. Mun ga shadda, Allah ya saka da alheri. Tana nan a ajiye ba a taɓa ba. Lafiyarmu ƙalau ta jiki. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kada ki karanta a tsaye.

Ba wa'azi zuciyata ta yi min ba. Laifina ne da ban iya fayyace magana ba.

Ranar Talata da hantsi aka yi sallama. Wata mata ce doguwa, ta kusa sa'ata, da 'yarta budurwa. Hausarta irin ta mutanen Barno ce, a hankali take ajiye kowace kalma. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan ta ce sunanta Gumsu, daga Fika, ita ce matar Babakura.

Ta kwance bakin mayafinta ta fito da wani ƙyalle ta ajiye a tsakaninmu. Kore ne, Ramlat. Irin koren nan.

Ta ce barkar haihuwa ta shiga maƙwabta, talabijin na kunne, ita ba ta ma kallo. Ta ɗaga kai don ta karɓi jariri, sai ta ga wani mutum yana gudu a daji, an nuno shi ta baya, kafaɗar ta cika gilashin. Ta ce jaririn ma sai wata ce ta karɓe shi daga hannunta. "Malama, na san ɗinkina. Ƙahon bijimi ne ya yage wa mijina rigar ana gobe za su tafi. Na yanki bakin zanena na toshe. Baƙin zare ya ƙare min, na sa ja. Ya ce na mai da shi kamar ɗan ƙwallo, na ce in ba ya so ya tafi da huda."

Ta koma Lahadin da ta biyo, da wadda ta biyo bayanta, tana zama kusa da gilashin har yara na cewa ta matsa. Ta san fuskar ba tasa ba ce, amma ta ce tafiyar rigar tasa ce. 'Yarta ce ta karanta sunana a ƙarshe, suka yi ta tambaya a Yerimaram har aka nuna musu gidan. Da ta ga ƙofar ta gane nan ne 'yan'uwan mijinta suka taɓa zuwa.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Na zaci za ta ce an kashe mata miji an raba kayansa. Sai ta ce, "Ni ba rigima ta kawo ni ba. 'Yan'uwana sun ce in je wurin alƙali a raba auren, na ƙi. Abu ɗaya ne ya dame ni. In na idar da sallah na ɗaga hannu, in na zo kansa sai in tsaya. Ban san ko in ce Allah ya dawo da shi ba, ko in ce Allah ya ji ƙansa. Ina tsoron in yi wa mai rai addu'ar matattu, ina tsoron kuma a ce yana kwance yana jiran addu'ata ni ina nan ina jiran sallamarsa. Haka nake shafawa ban ce komai ba."

Shekaruna nawa ina karantar da mata, ba a taɓa kawo min tambayar da ta fi ƙarfina irin wannan ba. Na ce mata rigar daga gidan nan ta fita, da hannuna, kuma a cikinta ƙanena ya dawo. Na ce iyakar abin da na sani ke nan, ba zan ƙara ko kalma a kai ba.

Ɗakin Basiru na kusa da inda muke, labule ne kawai tsakani. Ina ganin ƙafafunsa ta ƙasan labulen. Ita ma ta gani. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai juya wajen ta ce, "Sannu da gida, Malam Basiru. Ba na matsa maka. Na iya jira." Ƙafafun ba su motsa ba har suka tafi. Ƙyallen ta bar shi a kan tabarma, da na dawo daga rakiya ban same shi ba.

Ina ta mamakin ikon Allah. Tsumma ya kwanta shekaru a buhu, ya bi ta hannun wadda ba ta kallon talabijin, ya je Kano, ya shiga daji, ya dawo ta cikin gilashi ya sami mai shi a ɗakin mai jego a Fika. Ni dai tasbihi kawai nake ta yi.

Hanatu


Kano
Shawwal

Yaya,

Na karanta a zaune, kuma na kasa tashi. Ki yafe min zancen shadda da duk shirmen da na rubuta. Sau nawa na wanke rigar nan da hannuna, ina bin jan zaren da yatsa ina cewa ko wace ce ta yi wannan ɗinkin ba ta da haƙuri amma tana da ƙauna. Ban taɓa kawo cewa tana raye tana kallo ba.

Na gaya wa darakta. Ya cire hularsa ya riƙe, ya ce a mayar wa masu ita, ko da za a sake zango na biyu gaba ɗaya. Zan gwada ɗinka mai kama da ita. Ina gama bikin ƙanwar maigida zan taho da ita.

Abu ɗaya nake roƙo. Lahadi mai zuwa za a nuna kashin ƙarshe. Kada ki bari Yaya Basiru ya gani. Akwai wuri a ƙarshensa da ko mu da muka ɗauka sai da muka yi kuka. Ina tsoron ya ƙara rufe shi.

Ramlat


Yerimaram
Farkon Zulƙida

Ƙanwata Ramlat,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina fata an yi biki lafiya an watse lafiya. Mu nan muna cikin alherin da ban san yadda zan rubuta shi ba, amma zan gwada, a jere yadda ya faru.

Takardarki ta iso ranar Laraba, motar ta lalace a Azare. Lahadin da kike tsoro ta riga ta wuce.

Ranar nan akwai wuta. Yaran gida da na maƙwabta sun cika falon Sauda bayan la'asar. Ni ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa, na ba gilashin baya kamar kullum. Sai na ga inuwa ta wuce ni. Basiru ne. Ya shiga ya tsaya jikin bango, hannunsa ɗaya a aljihu, na san abin da ke cikin aljihun. Na ajiye faranti na juya. Wannan ne karo na farko da na kalli wasanku, Allah ya yafe min in da laifi, amma ƙanena nake tsaro.

Kin san wurin. Tanko ya zo ƙofar gidan ubansa da rana tsaka. Ya tsaya. Ana jin ana daka a ciki. Ya buɗe baki ya rufe. Ya ɗaga ƙafa ya mayar. Aka matso da hoton har ba a ganin komai sai wuyansa da kafaɗar nan tana hawa tana sauka. Har masu cin gyaɗa a falon sun daina.

Sai na ji murya daga jikin bango, ƙasa-ƙasa, irin yadda ake yi wa dabbar da ta tsorata magana. "Yi sallama mana. Ai suna ciki."

Yara suka kwashe da dariya, wani ya ce Baba ai ba ya jin ka. Nan sunaye suka fara wucewa, wasan ya ƙare Tanko na tsaye a ƙofar. Basiru ya dubi gilashin, ya dube ni. Na ga maganar tasa ta koma ta same shi.

Washegari da na fito alwalar walha na same shi a tsakar gida da hula a kansa. Ya ce, "Yaya, ki raka ni Fika."

Mun hau keke zuwa tasha. Duk ƙarar da aka yi sai ya runtse ido, amma bai ce a koma ba. A mota ya zauna gaba, na lura idonsa na kan hannun direba. Ni kuwa carbi nake ja har muka hango duwatsun Fika.

A ƙofar gidan ya tsaya. Ramlat, tsayuwar nan ce, ba bambanci, sai dai wannan babu mai ɗauka. Na ji kamar in yi sallamar a madadinsa, na cije leɓe. Ban san iya daɗewarmu ba, har wata akuya ta zo ta shinshina takalminsa. Sai ya ce assalamu alaikum, da irin muryar da yake kiran yaran mota da ita a da. Daga ciki Gumsu ta amsa, ta ce, "Shigo, Malam Basiru," ba ta tambayi ko wane ne ba.

Aka kira wan Babakura da limamin unguwa. Maza a zaure, mu a bayan ƙofa. Basiru ya fito da koren ƙyallen ya ajiye a gabansa, shi yake kallo har ya gama.

Ya ce tare suka gudu daga inda aka tsare su, ranar da aka yi wani ruwa mai iska masu gadi suka fake. Babakura na da ciwo a ƙafa wanda ya ƙi warkewa. Da tafiya ta gagare shi Basiru ya goya shi, yana saukewa yana ɗauka. Ya ce mutumin ko a bayansa bai daina ba'a ba, yana ce masa wannan tirelar ba ta da giya ta biyu. A gindin wata aduwa, a bakin busasshen rafi, ya ce a sauke shi. Ya yi kalmar shahada, Basiru na maimaita masa, har ya cika da rana a sama.

Babu ruwa, sai ya yi masa taimama. Babu likkafani. Rigar jikin Basiru fara ce, ko da yake ta yi dauɗa, sai ya tuɓe ta ya farke ɗinkin, ya cire wa mamacin shuɗiyar, ya naɗe shi a farar. Ya haƙa rairayin gaɓar rafin da reshe da hannunsa. Ya duba inda rana ke fitowa ya daidaita shi. Ya tsaya ya yi kabbara huɗu, shi ne liman, babu kowa a bayansa. Ya rufe, ya jawo ƙaya ya tara a kai saboda kuraye. Sannan ya ga ba shi da abin rufe jiki, ya sa shuɗiyar.

Ya ce abin da ya ɗaure masa harshe shi ne, ramin bai yi zurfi ba, ƙarfinsa ya ƙare. Kuma ya tuɓe wa mamaci riga ya sa. Kuma in an ce masa, don me kai ka dawo shi bai dawo ba, ba shi da amsa.

Sai Gumsu ta yi magana ta bayan ƙofa.

"An yi masa sallah?"

"An yi."

"Wa ya yi?"

"Ni."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai, Hajiya."

"To ai an yi masa."

Liman ya ce duk abin da ya yi daidai ne, wanda ba shi da ruwa taimama ce wankansa, kuma Allah ba ya tambayar bawa zurfin da hannunsa bai kai ba. Ya ce za su je gaban alƙali a tabbatar, amma a saninsa iddarta ta riga ta wuce tun tana jira. Ni da nake biya wa mata babin jana'iza daga littafi, ina tausayin ƙanena ina ganin kamar abin da ya rage masa tumaki ne, ashe a gida ɗaya nake kwana da mutumin da ya yi wannan. Na rasa inda zan sa idona.

Gumsu na kusa da ni. Na ga ta ɗaga hannuwanta, a nan inda take zaune, ba ta jira lokacin sallah ba. Ta ce, "Allah ya ji ƙan Babakura." Ba ta tsaya a tsakiya ba. Daga zaure aka amsa da amin, muryar Basiru a ciki.

Kafin mu taho na ba ta haƙuri a kan rigar, na ce kin yi alkawarin kawowa, za ki ɗinka wa 'yan wasa mai kama da ita. Ta goge fuska ta ce babu mai iya irin facinta, duk wanda ya gwada mutanen Fika za su gane. Sannan ta ba ni saƙo, ta sa na maimaita don kada in canza, ga shi yadda ta faɗa:

"Ki ce wa 'yar'uwarki kada ta kawo yanzu. Bawan Allahn nan yana can tsaye a ƙofar uwarsa da rigar mijina. Su bar shi ya yi sallama a amsa masa tukuna. In ya shiga gida ya zauna, sai ya tuɓe a kawo min."

Shaddar da kika aiko Basiru ya kai wa tela da kansa, har cikin kasuwa.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Hanatu